Wa Ke Biyan Kuɗin Labarin Garinku?

Shirinmu na musamman na yau zai kai mu Amurka, jihar Mississippi, wadda ke sahun gaba a talauci cikin jihohin ƙasar.

A wannan jiha akwai wasu kuɗaɗe da gwamnatin tarayya ke turowa duk shekara domin iyalai mabuƙata. Kafin shekarar 2021, uwa mai 'ya'ya biyu da ta yi dacen shiga shirin tallafin, dala 170 kacal take karɓa a wata, kuma mafi yawan masu nema ma korar su ake yi. Amma a 2020 sai mai binciken kuɗi na jihar ya fasa ƙwai, aka kama tsohon shugaban hukumar jin daɗin jama'a da wasu mutane. Lissafin da aka yi daga baya ya nuna an karkatar da aƙalla dala miliyan 77 na talakawa. Kimanin miliyan 5 daga ciki an zuba su ne wajen gina zauren wasan ƙwallon raga a wata jami'a, ginin da shahararren ɗan wasa Brett Favre ya yi ta fafutukar a yi.

Wadda ta bi diddigin maganar har ta tono saƙonnin wayar da suka gudana tsakanin manyan jihar, ciki har da tsohon gwamna Phil Bryant, wata 'yar jarida ce mai suna Anna Wolfe. Shekaru ta kwashe a kan wannan batu guda, tana neman takardu, ana hana ta, tana komawa. A 2023 aikin ya samo mata lambar yabo ta Pulitzer, wadda babu kamarta a aikin jarida a Amurka. Tsohon gwamnan dai ba a tuhume shi da laifi ba, Favre ma ya ce bai san kuɗin talakawa ba ne, kuma a 2023 ɗin ne Bryant ya maka kafar da Wolfe ke wa aiki a kotu bisa zargin ɓata suna.

To, mai sauraro, tambayar da ta kawo mu ita ce: wa ya riƙa biyan albashin Anna Wolfe duk tsawon waɗannan shekaru?

Kafar tata, Mississippi Today, ba ta sayar da jarida a bakin titi, ba ta kuma karɓar ko sisi daga mai karatu kafin ya buɗe shafinta na intanet. An kafa ta a 2016 a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, da gudunmawar masu hannu da shuni irin su Jim Barksdale, tsohon shugaban kamfanin Netscape kuma ɗan asalin jihar. Sauran kuɗin daga gidauniyoyi yake zuwa, da kuma talakawan masu karatu da ke ba da abin da ya sawwaƙa duk wata.

Abin da ya sa aka koma wannan hanya ba ɓoyayye ba ne. Da can talla ce ke riƙe da jaridun garuruwa: mai sayar da mota, mai neman ɗan haya, mai kanti, duk a jaridar garinsu suke sanarwa. Da intanet ta zo, sai tallar ta ƙaura zuwa Google da Facebook da Craigslist. Masu bincike a jami'ar Northwestern sun ƙirga jaridu sama da 3,200 da suka mutu a Amurka daga 2005 zuwa 2024, kuma gundumomi fiye da 200 ba su da wata kafar labarai tasu ko guda. A irin waɗannan wurare majalisar gari na zama ta raba kwangila, hukumar makarantu ta yanke shawara, babu ɗan jarida ko ɗaya a zauren. Masana tattalin arziki ma sun gano cewa garin da jaridarsa ta rufe, bashin da hukumarsa ke ci yakan ƙara tsada, domin masu ba da rance sun san babu mai sa ido.

Daga cikin waɗanda suka fara ganin mafita akwai John Thornton, wani mai zuba jari a Texas. Ya duba harkar jarida da idon ɗan kasuwa, ya ga babu sauran riba a cikinta, amma ya ga al'umma ba za ta iya rayuwa babu ita ba. A 2009 ya haɗa kai da wasu 'yan jarida suka kafa Texas Tribune. Bayan shekara 10, shi da Elizabeth Green suka kafa American Journalism Project, kuma Mississippi Today na cikin kafafe 11 na farko da suka amfana da tallafin wannan ƙungiya.

A nan ne nake so mu ɗan tsaya, domin tsarin American Journalism Project ya burge ni matuƙa. Galibin tallafinta ba na ɗaukar 'yan rahoto ba ne. Tana biyan albashin mutanen da mai karatu ba zai taɓa ganin sunansu a kan labari ba: mai neman masu ba da gudunmawa, mai kula da rajistar mambobi, mai tsare asusu, mai shirya taruka. Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin labarai ya san dalili. Ɗan jarida ya iya farautar labari, amma sau da yawa bai iya farautar kuɗi ba, kuma editan da ya wuni yana tunanin albashin ƙarshen wata ba zai iya barin wakilinsa ya shekara a kan bincike guda ba. Manufar ita ce kafin tallafin ya ƙare, kafar ta samu ƙofofin shigar kuɗi da yawa, ta yadda toshewar guda ba za ta kashe ta ba.

Na san abin da wasu ke faɗa a ransu yanzu: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Damuwa ce ta gaskiya, ban kuwa raina ta ba. Attajirin da ya ba da miliyoyi yana da kamfanoni, yana da abokai a gwamnati. Kafafen da suka san ciwon kansu sukan wallafa sunayen masu ba su kuɗi, Texas Tribune kuma, in labari ya taɓa wani mai tallafa mata, takan rubuta hakan a ƙasan labarin kowa ya gani. Dokar haraji ma ta hana irin waɗannan ƙungiyoyi mara wa ɗan takara baya, shi ya sa Salt Lake Tribune ta daina yin haka bayan ta koma wannan tsari a 2019. Wannan bai kawar da haɗarin ba, amma ya ba mai karatu abin da zai riƙe ya tuhume su.

Kuɗin kansa ma ba ya lamunce nasara. Houston Landing ta fara aiki a 2023 da alƙawarin sama da dala miliyan 20 daga manyan gidauniyoyi, a birni na huɗu mafi girma a Amurka. A watan Mayun 2025 ta rufe, ma'aikata sama da 40 suka rasa aiki, domin ba ta samu wasu hanyoyin shigar kuɗi da za su ɗauki nauyin da ta ɗora wa kanta ba. A watan Mayun 2025 ɗin dai kuwa Baltimore Banner, wadda attajiri Stewart Bainum ya yi wa alƙawarin dala miliyan 50, ta ci Pulitzer kan rahotanninta game da yadda miyagun ƙwayoyi ke kashe mutanen birnin. Ita tun farko ta ce mai karatu ma sai ya biya.

A watan Satumban 2023 gidauniyoyi 22 suka haɗu suka ƙaddamar da shirin Press Forward, da alƙawarin fiye da dala miliyan 500 cikin shekara 5. Wadda ta jagoranci tafiyar, gidauniyar MacArthur, ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun 1994 take da ofis a Najeriya, kuma ta daɗe tana tallafa wa aikin jarida na binciken ƙwaƙwaf ta hannun cibiyoyi irin su ta Wole Soyinka da ke Legas, wadda ita kuma ta riƙa tallafa wa ƙananan kafafe a jihohi. Babban shirinta na yaƙi da rashawa a ƙasar ya kammala a 2024. Kafafen da suka tashi a inuwarsa yanzu suna fuskantar irin jarrabawar da ta kayar da ta Houston, a ƙasar da masu kuɗinmu suka fi saba wa gina masallaci da haƙa rijiyar burtsatse, wanda kuma ya kafa gidan rediyo ko jarida galibi yana da wata buƙata ta siyasa a gefe.

A nan za mu dasa aya a shirin na yau.