Masuntan da Suka Ba Teku Hutu

A kudu maso yammacin tsibirin Madagaska akwai wani ƙauye a bakin teku, sunansa Andavadoaka. Mutanensa Vezo ne, ba su da wata gona sai teku. Abin da ke kawo musu kuɗi shi ne oktobus, wata halittar ruwa mai hannuwa takwas, wadda mata ke kamawa da mashi in ruwa ya janye. Da 'yan kasuwa suka yawaita, sai kamu ya ragu.

A 2003 wata ƙungiyar Ingila, Blue Ventures, ta zo da kuɗin gudummawa da masu koyarwa. A 2004 dattawa suka hana kamu a wani yanki har wata 7, aka koya wa matasa auna kamu da rubuta shi. Oktobus tana saurin girma, don haka da aka buɗe a 2005 aka sami manya.

Amma baƙi suka yi cincirindo, suka kwashi rabo mai yawa. Wannan ya sa a 2006 ƙauyuka suka haɗa kai, suka kafa Velondriake. Gudummawa takan ƙare, amma masunta suna riƙe da ilmin da dokarsu.