Giris a Gaɓoɓin Farfela Bayan an Gyara A-kori-kura

Motar a-kori-kura ita ce ƙafar gunduma. Da ita a ke rangadi, da ita a ke kai marar lafiya asibiti, da ita a ke ɗauko kayan aiki daga birni. Saboda haka ya kamata hakimai da malamansu su san wani ɗan aiki wanda sau da yawa a kan manta da shi bayan gyara, watau sa giris a gaɓoɓin farfela.

Aikin farfela

A ƙarƙashin mota akwai wani dogon bututun ƙarfe wanda ya taso daga giya ya tafi aksul na baya. Shi ne farfela, shi ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun baya. To, giya tana kafe a jikin mota, amma aksul hawa ya ke yana sauka bisa ga halin hanya. Don haka aka sa wa farfela gaɓa a kowane ƙarshe, domin ta riƙa juyawa ko da ta karkace. Wani masani na Ingila, Robert Hooke, ya bayyana irin wannan gaɓa tun a shekarar 1676, kuma a 1904 Clarence Spicer na Amurka ya soma ƙera ta don motoci.

Zuciyar gaɓar wani ƙarfe ne mai hannu 4, wanda makanikai ke kira kuros. Kowane hannu yana da ɗan ƙoƙo, a cikin ƙoƙon kuwa an jera 'yan sandunan ƙarfe sirara kamar allurai, ga kuma roba a bakinsa mai tsare ƙura da ruwa. A kan alluran nan hannun ke birgima. Muddin suna cikin giris, lafiya lau. Ran da suka bushe, sai ƙarfe ya shiga cin ƙarfe.

Sabo ba ya wadatar da kansa

Mutane da yawa suna zaton sabon kuros ba ya bukatar kome. Ba haka ba ne. Kuros iri 2 ne. Akwai wanda aka cika aka rufe tun daga masana'anta, ba shi da ƙofa, ba a ƙara masa. Akwai kuma mai 'yar ƙofar giris a jikinsa. Ɗan maiƙon da ke cikin irin wannan na biyu, galibi an sa shi ne don ya riƙe alluran, ya kuma hana tsatsa a kanti. Bai isa tafiya ba. Lalle ne a cika shi da zarar an ɗaura, tun motar ba ta bar garejin ba.

Yadda a ke yi

Da fari a tsai da motar a wuri mai daidai, a kashe inji, a ja birkin hannu, a tokare ƙafafu. Sa'an nan a goge ƙofar giris da tsumma, don kada a tura yashi ciki. A kafa bakin famfon giris, a riƙa dannawa sannu sannu. Giris ɗin da ya dace shi ne wanda littafin motar ya ambata, yawanci mai lamba 2.

Ga abin lura. Ba a dainawa sai an ga sabon giris ya ɓullo daga bakin ƙoƙo duka 4. In uku sun fitar, ɗaya ya ƙi, to, wannan ɗayan a bushe ya ke, kuma shi zai fara mutuwa. Sai a girgiza farfelar, a sake gwadawa. In har ya ƙi, a kwance a duba. Bayan haka a share abin da ya yi saura a waje, gama maiƙo yana kama ƙura. Wurin da farfela ke shiga tana fita, shi ma a sa masa, amma kaɗan.

Alamun ɓarna

Kuros da ya bushe ya kan yi ƙara siririya in ana tafiya a hankali. Ya kan yi ƙwas in an sa giya. Jan gari kamar na tsatsa ya kan taru a bakin ƙoƙo, mota kuma ta riƙa rawa in an yi gudu. Direban da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗa nan da nan. In gaɓar gaba ta tsinke ana cikin gudu, farfela tana iya faɗuwa ta soki ƙasa, ta kifar da mota da mutanen da ke cikinta.

Abin da ke kan malamin hakimi

Ba a ce malami ya zama makaniki ba. Amma kafin a biya kuɗin gyara, ya tambaya ko an sa giris, ko kuma ya fito ta wuri 4. Ya rubuta ranar da adadin kilomita a littafin mota. Daga nan a riƙa maimaitawa bisa ga ƙa'idar littafin motar, a kuma ƙara duk lokacin da aka ratsa rafi da damina, domin ruwa yana wanke giris. Kuɗin gwangwanin giris bai kai na kuros ba, balle na farfela, balle rai. Rigakafi ya fi magani.