Ko Kun Sani? Goshi da Ƙwaƙwalwa

A ƙarshen ƙarni na 18, wani likita Bajamushe, Franz Joseph Gall, ya yi ta koyarwa a birnin Biyana cewa ana iya gane halin mutum ta hanyar shafa tudu da kwarin ƙoƙon kansa. Almajirinsa Johann Spurzheim ya ware tsakiyar goshi, sama kaɗan da mahaɗar gira, ya ce nan ne mazaunin riƙe abubuwan da suka faru. Wai mai tudu a wurin ba ya mance labari, kuma zai iya tarihi. Da haka ne, da masu goshi sun gama da kowa a makarantar allo!

Tun a shekarun 1820 gwaje-gwajen Pierre Flourens na Faransa suka rusa wannan da'awa. Amma awon kawuna bai mutu ba, sai ya koma hannun masu rarraba mutane bisa launin fata. A zamanin da sojojin Jamus suka ci Garwa, a 1901, wani masani, Felix von Luschan, yana birnin Balin yana tara ƙoƙunan kawunan mutane daga ƙasashen da Jamus ta mallaka, har da Kamaru. Dubbai na nan a Balin har yau, ana bin asalinsu.