Idan manhajar kariya ta rikice bayan sabuntawa

A gidajen Kwaya, Magaria da Dungas inda kwamfuta guda ke yi wa kowa hidima, rigima kan tashi bayan an sabunta Windows: na'ura ta yi nauyi, ko manhajar kariya daga ƙwayar cuta ta ƙi buɗewa.

Yawanci hannu ne ya yi yawa. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender, sai yaya ya ɗora Avast, ƙane ya kwafo Kaspersky ta filash, manhajojin biyu su yi ta kokawa kan fayil guda. A shiga ta asusun mai iko da na'urar, a cire Avast da Kaspersky tas, a kashe a kunna. Defender zai koma bakin aiki da kansa, kuma ya ishi gida.

Wani lokaci wuta ce ta ɗauke, ko data ta ƙare ana tsakiyar sabuntawa. A sake ta daga farko, a kuma duba kwanan wata, don agogon da ya kauce yana hana saukewa.

Kamfani ma kan yi kuskure: ranar 19 ga Yulin 2024, sabuntawar manhajar kariya ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutoci kusan miliyan 8.5 a duniya.