Azumi da lafiyar ido: Abin da 'yan Damargu za su duba kafin su ajiye maganin ɗigawa

Duk lokacin da watan Ramadan ya ƙarato, saƙonnin murya kan cika zaurukan WhatsApp na 'yan Tanut da Belbeji, na gida da masu ci-rani a Agadas, Libiya, Aljeriya ko Faransa. Cikin waɗanda suka fi yawo akwai mai cewa azumi yana wanke ido, yana ƙara ƙarfin gani, har ma wai yana narkar da yana. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, sai dai an zuba mata gishiri da yawa, kuma gishirin nan na iya jawo wa wani makanta.

Amfanin azumi ga jiki tabbatacce ne. Idan mutum ya shafe kimanin awa 12 bai ci komai ba, sukarin da hanta ta tanada yakan fara ƙarewa, sai jiki ya koma ƙona kitse. A watan Disamban 2019, masu bincike biyu a Amurka, Rafael de Cabo da Mark Mattson, sun tattara sakamakon gwaje-gwaje da ke nuna cewa jinkirta cin abinci na taimakawa wajen daidaita sukari da hawan jini. Masu azumin Ramadan da yawa kan rage kilo ɗaya zuwa biyu, ko da yake ƙibar takan dawo 'yan makonni bayan Sallah.

Masu tura saƙonni na son ambaton Yoshinori Ohsumi, ɗan Japan da ya samu kyautar Nobel a 2016 saboda gano yadda ƙwayoyin halitta ke cinye tarkacen da ke cikinsu su sabunta kansu. Gaskiya ne yunwa na zaburar da wannan aiki. Amma a kan ƙwayoyin yis ya yi bincikensa, bai ce azumi na warkar da ido ba.

To ina ido ya shigo? Ta hanyar jini. A can bayan ido akwai wani siririn tantani mai ɗaukar hoto, cike da ƙananan jijiyoyi, kuma ciwon suga da hawan jini su ne manyan masu lalata su. Wanda azumi ya taimaka masa ya rage tumbi ya daidaita sukarinsa, ya kare idonsa ke nan. Iyakar abin da za a iya tsayawa a kai ke nan. Yana ba ta fita sai da tiyata. Amosanin ido kuwa, wanda ya daɗe yana addabar ƙauyukan jihar Damagaram har ƙungiyoyi irin su Cibiyar Carter da Helen Keller suka shafe shekaru suna yaƙi da shi, ƙwayar cuta ce da ƙuda da hannu mai dauɗa ke yaɗawa. Maganinsa wanke fuska, tsabtar muhalli, ƙwayar azithromycin, da gyaran fatar ido idan gashin ya juya ciki.

Inda haɗarin yake

Cutar da ta fi tayar wa likitocin ido hankali a wannan wata ita ce hawan jinin ido, wadda suke kira gilokoma. Ruwan cikin ido ne ke taruwa ya danne jijiyar gani, yawanci ba tare da wani zafi ba, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa. Ta fi kama baƙar fata, tana kuma kama su da wuri. Abin da ke riƙe ta shi ne maganin ɗigawa na kullum, shi ne kuma wasu ke ajiyewa wata guda cur don tsoron kada ya karya musu azumi.

Tsoron yana da tushe. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen Nijar ke bi, idan abin da aka sa a ido ya kai maƙogwaro, akwai ramuwa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Jidda a 1997, ta ce maganin ɗigawa a ido ba ya karya azumi muddin ba a haɗiye abin da ya gangara ba. Kuma akwai mafitar da ba ta saɓa wa kowane ɓangare ba. Maganin latanoprost sau ɗaya ake ɗiga shi, da dare. Timolol yawanci sau biyu ne, ana iya tsara shi lokacin sahur da bayan shan ruwa, da sanin likita. Idan ya zama dole a ɗiga da rana, a rufe ido a danne kusurwarsa ta gefen hanci na minti ɗaya zuwa biyu, hakan na toshe hanyar da ke kai magani maƙogwaro.

Wani abin da ba a cika sani ba: kwankwaɗar ruwa lita guda a tashi ɗaya dab da kiran assalatu yana ɗaga matsin ido na ɗan lokaci. Likitoci ma suna amfani da hakan a matsayin gwaji. Mai wannan cuta gara ya rarraba ruwansa daga magariba zuwa asuba.

Yanayin Damargu ma ba ya sassauci. A shekarun 2020 zuwa 2022 azumi ya faɗo a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Tunda watan na matsowa da kwana 10 zuwa 11 duk shekara, yanzu ya doshi hunturu, ƙishirwa ta ragu amma ƙura ta ƙaru. Makiyayin da ke bin dabbobi a dajin Tenhiya ko Tarka, da ɗan kabu-kabun da ke yini kan babur a garin Tanut, duk suna fuskantar bushewar ido: ƙaiƙayi, ja, ji kamar an zuba yashi. Rawani ya yi rabin aikin, tabarau zai ƙarasa. Matashin birni da ke raba dare yana kallon waya bayan asham shi ma yana cikin sahu, domin mai kallon allo ba ya yawan ƙifta ido.

Mai ciwon suga kuwa, idan ya ji gani ya dushe tare da rawar jiki da zufa, alamar faɗuwar sukari ce. Ƙa'idar likitoci ita ce a karya azumi idan awo ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, wato 0,70 da giram 3 a irin takardar gwajin Nijar. Addini ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya.

A wajen buɗe-baki, fura da nono sun fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. Zogale, hanta, ƙwai, karas da mangwaro na ɗauke da sinadarin bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, matsalar da ta fi shafar mata masu ciki da masu shayarwa.

Ga 'yan ci-rani masu aiko da kuɗin sukari da dabino, yana da kyau a ware wani abu don kai tsofaffi awon ido kafin a ga wata. Daga Tanut zuwa babban asibitin Damagaram tafiyar kusan kilomita 150 ce, awon matsin ido kuma bai wuce 'yan mintoci ba.