Yau Nawa ga Wata? Yadda Ake Faɗin Kwanan Wata da Faransanci

Mutumin Goronyo ko Wurno ko Rabah bai cika buƙatar Faransanci ba in ya tsallaka Nijar. Ko ta Illela ya bi ya faɗa Birnin Konni, ko ta Sabon Birni ya nufi Maraɗi, da Hausa zai sayar da albasarsa, da Hausa zai gaisa da dangi. Takarda ce kawai ba ta jin Hausa tukuna. A 2025 hukumomin Nijar sun ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki tare da Ingilishi, amma takardar haihuwa da katin shaida da rasit ɗin duwan da takardar likita, har yau da Faransanci ake cika su. Kowace daga cikinsu kuwa tana ɗauke da kwanan wata, kuma sau da yawa a nan maganar take: yaushe aka bayar, yaushe za ta daina aiki.

Abin da ke wahalar da yaranmu a ajin Faransanci, a ganina, shi ne doguwar hanyar da ake bi da su. Yaro zai ɗauko kwanan wata daga Hausa, ya juya shi Ingilishi, sannan ya nemi kai shi Faransanci. A wannan fage kuwa Hausa ta fi Ingilishi kusa da Faransanci nesa ba kusa ba. Mu "uku ga Agusta" muke cewa, ba "na uku" ba. Bafaranshe ma haka: le trois août. Lamba ce tsurarta, sai ɗan le a gabanta, sai sunan wata a bayanta. Ingilishi ne ke liƙa wa kowace rana wutsiyar "na biyu, na uku, na huɗu", kuma wanda ya biyo ta can shi ne zai ce le troisième août, a gane baƙo ne. Rana ɗaya tak ta fita daban, wato ɗaya ga wata. Ita ba a ce mata un, sai premier, ana kuma rubuta ta 1er. Ranar samun 'yancin Nijeriya ke nan le 1er octobre 1960, ta Nijar kuma le 3 août 1960.

Hatta tambayar iri ɗaya ce. Muna cewa "Yau nawa ga wata?" su kuma On est le combien? Combien ɗin nan "nawa" ne. Amsa: On est le douze, ko Nous sommes le douze mai, yau sha biyu ga Mayu. Wanda ke son lafazin aji sai ya ce Quelle est la date d'aujourd'hui? A kula da takwas da sha ɗaya: le huit ne da le onze, ba a haɗiye wasalin le a gabansu.

Sunayen watanni ba baƙi ba ne a kunnenmu, domin tushensu ɗaya da waɗanda muka ara: janvier, février, mars, avril, mai, juin, juillet, août, septembre, octobre, novembre, décembre. Da ƙaramin baƙi ake fara rubuta su, su da ranakun mako, sai fa a farkon jimla. Mai ana furta shi "me", août kuma "ut", wasu ma "u" kawai. Biyun da ke cin mutane su ne juin da juillet, Yuni da Yuli, musamman da yake ana gajarta na biyun juil. Harafi ɗaya ya raba su, wata guda kuma ya shiga tsakani. Manomin fadamar Goronyo da ya sayo maganin feshi ko na dabbobi daga ƙetare ya dubi jikin kwalbar da kyau: date de fabrication ranar da aka yi shi ne, date de péremption ranar da zai lalace. A kan kayan ci za a ga à consommer avant le, wato a cinye kafin rana kaza.

Ranakun mako daga Litinin suke farawa a kalandarsu: lundi, mardi, mercredi, jeudi, vendredi, samedi, dimanche. In za a haɗa da kwanan wata, sunan ranar yana shiga tsakanin le da lamba: le mercredi 3 août 1960, don ranar Laraba Nijar ta sami 'yanci. Akwai wata ƙa'ida da ɗan kasuwa ya kamata ya riƙe. In abokin cinikinka ya ce je viens mercredi, Larabar nan mai zuwa yake nufi. In ya ce je viens le mercredi, yana nufin duk Laraba yakan zo. Ɗan le ɗin nan shi ya raba alkawarin rana ɗaya da al'adar kowane mako. Haka nan dans huit jours ba kwana takwas cif ba ne, "rana ita yau" ce, mako guda. Quinze jours kuma mako biyu.

Sai maganar dare, wadda littattafan koyarwa ba sa kawowa domin ba don mu aka rubuta su ba. A wurinmu dare ne ke gaba da yini: da an yi magariba ranar Alhamis mun shiga daren Juma'a. Su kuwa ranarsu sai ƙarfe goma sha biyun dare take juyawa. Don haka daren Juma'armu shi ne jeudi soir, shi kuma vendredi soir daren Asabar ne a lissafinmu. Duk wanda ya fassara daren Juma'a kai tsaye zuwa vendredi soir zai je tasha bayan mota ta yi kwana guda da tashi.

Shekara ita ce ke tsorata mutane, alhali a nan ma muna da gado. Masu karanta labarai a rediyo sukan ce "alif ɗari tara da sittin". To wannan shi ne mille neuf cent soixante, kalma bisa kalma: mille alif, neuf cent ɗari tara, soixante sittin. Ba a cewa un mille, kamar yadda ba ma cewa "alif ɗaya". Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837: en mille huit cent trente-sept. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, an kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu 1966: le quinze janvier mille neuf cent soixante-six. Shekarun wannan ƙarni sun fi sauƙi, deux mille sai a ɗora saura, kamar deux mille vingt-cinq. In shekara ko wata ne kaɗai ba rana, en ake sa wa: en 1837, en janvier. Daga rana kaza zuwa rana kaza kuma du 3 au 10 août.

Tudun gaskiya yana tsakanin saba'in da casa'in da tara, kuma gara a faɗa wa mai koyo tun farko. Faransancin Faransa, wanda Nijar ke bi, ba shi da kalma guda ta saba'in, ko tamanin, ko casa'in. Saba'in soixante-dix ne, sittin da goma. Daga nan a ci gaba da ɗora wa sittin: saba'in da ɗaya soixante et onze, sittin da sha ɗaya, saba'in da shida soixante-seize, sittin da sha shida. An ƙirƙiro Jihar Sakkwato ranar 3 ga Fabrairu 1976, wato le trois février mille neuf cent soixante-seize. Tamanin quatre-vingts ne, ashirin sau huɗu. Casa'in kuma quatre-vingt-dix, ashirin huɗu da goma. An cire Kabi daga Sakkwato a 1991, quatre-vingt-onze. Aka cire Zamfara ranar 1 ga Oktoba 1996, le premier octobre mille neuf cent quatre-vingt-seize. Mutanen Beljiyam da Suwizalan sun hutar da kansu da septante da nonante, amma ba su za ka ji a Konni ba. Dabarar ita ce kada ka yi saurin rubutawa. In ka ji soixante ko quatre-vingt, dakata ka ji abin da ke biye, don shi zai nuna maka ko 66 ne ko 76, ko 86 ne ko 96. Wanda ya saba da kuɗin sefa, yana jin "dala ashirin" ya san faran ɗari ake nufi, wannan ɗan lissafin ba zai gagare shi ba.

A rubuce da lambobi tsarin ɗaya ne da namu: rana, wata, shekara. 03/08/1960 uku ga Agusta ne a Yamai kamar yadda yake a Sakkwato. Amurka ce ke sa wata a gaba. A kan fam za ka ga JJ/MM/AAAA, wato jour, mois, année. Abin lura shi ne rubutun hannu. Wanda ya yi makarantar Faransanci yana ja wa 1 doguwar ƙugiya daga hagu, har ta yi kama da 7 ɗinmu, shi ya sa yake gitta wa 7 ɗinsa sanda a ciki. In babu sandar, ɗaya ce. Rashin sanin wannan kaɗai ya isa ya mai da 11 ga wata 17.

Kalmomin da ke rakiyar kwanan wata a takardun hukuma ba su da yawa. Né le, an haife shi ranar kaza, née le in mace ce. Délivré le, an bayar ranar kaza. Valable jusqu'au, yana aiki har zuwa. A ƙasan takarda kuma Fait à Tahoua, le 5 mars, an yi ta a Tawa ranar biyar ga Maris. A katin dattawa da yawa za ka ga né vers 1950, wato an haife shi wajejen 1950, saboda ba a yi rajistar haihuwar a lokacinta ba. Vers ɗin nan ba sunan wata ba ne, kada a kwafe shi a gurbin wata in ana cika fam a nan Nijeriya.

Malaman Faransanci na makarantunmu, daga Achida zuwa Gandi, ina roƙonku ku riƙa buɗe darasi da tambayar "Yau nawa ga wata?" da Hausa, yaro ya amsa da Hausa, sannan ya faɗa da Faransanci ba tare da ya ratsa ta Ingilishi ba. Kai kuma mai karatu, fara da ranar haihuwarka da ta 'ya'yanka: rubuta su da lambobi, ka rubuta da kalmomi, ka faɗe su da ƙarfi har bakinka ya saba kafin ranar da jami'in kan iyaka zai tambaye ka.