MASU BINCIKEN JAMI'A A ƘAUYUKA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

Kowace shekara hakimai su kan ga baƙi sun zo da takarda daga wata jami'a, suna neman izni su shiga ƙauyuka su yi wa talakawa tambayoyi. Wani ya ce al'amarin noma ya ke bi, wani kasuwa, wani kuwa makarantar firamare ya ke so a nuna masa. Yawancinsu samari ne ko 'yan mata, ba su riƙe da muƙami a ofishin kowa, ba su kuma zo da taki ko alkawarin rijiya ba. Saboda haka a wasu wurare a kan karɓe su da sanyin jiki, a haɗa su da wani yaro ya zaga da su, a ƙosa su tafi. An shirya wannan takarda ne don a bayyana ko su wane ne, da abin da irin aikinsu ya taɓa haifarwa a ƙasar nan, da kuma inda hannun hakimi da na malaminsa ya ke shiga.

Abin da a ke nufi da bincike

Karatun jami'a hawa uku ne. A hawa na fari ɗalibi ya kan koyi abin da magabata suka riga suka sani, a jarraba shi, a ba shi digiri. A hawa na biyu a kan fara sakar masa hannu. A hawa na uku kuwa, watau digirin dakta, ba za a ba shi kome ba sai ya kawo wani sani sabo wanda babu shi a littattafai. Ya kan zaɓi tambaya guda ɗaya, ya shekara biyu ko uku ko fiye yana bin ta ƙarƙashin wani babban malami, sa'an nan ya rubuta kundi. A kan kira wani masani daga wata jami'a dabam ya karanta kundin, ya zaunar da ɗalibin ya yi ta tambayarsa a kan kowane lissafi: ina ka samo shi, wa ya faɗa maka, gida nawa ka shiga. In amsa ta yi rauni, sai a mai da shi. Wannan shi ya sa mai bincike ya ke da nacin tambaya har ya gundure mutane.

Irin wannan aiki ya daɗe a ƙasar Hausa. A 1949 da 1950 wani ɗalibi haifaffen Jamaika, M. G. Smith, ya zauna a ƙasar Zazzau yana rubuta abin da gidaje ke samu da abin da su ke kashewa. Da wannan ya sami digirin dakta a Landan, aka kuma buga littafinsa a kan tattalin arzikin Hausawan Zazzau a 1955. Matarsa Mary, a wannan zama, ita ce ta rubuta labarin rayuwar Baba ta Karo daga bakin tsohuwar, aka buga a 1954.

Samaru da gonar talaka

Misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na Samaru, kusa da Zariya. Tun 1922 aka kafa wurin gwaje-gwajen noma a can, a 1962 kuma aka mai da shi wani sashe na Jami'ar Ahmadu Bello. Masanan wurin sun yi aiki na gaske wajen zaɓen iri da gwada taki. Amma kusan dukan gwajinsu a kan shuka iri guda su ke yi, watau dawa zalla ko gyaɗa zalla a fili ɗaya, kuma abin da malaman gona su ke kai wa ƙauyuka ke nan. Manomi kuwa sai ya saurara da ladabi, ya ce madalla, ya koma ya zuba gero da dawa a gona guda, daga baya ya sa wake a tsakani, kamar yadda ubansa ya yi. Da yawa cikin ma'aikata suka ɗauka taurin kai ne da jahilci.

A 1965 wani Bature masanin tattalin arzikin noma, David Norman, wanda bai daɗe da gama digirinsa na dakta a Amurka ba, ya zo Samaru. Shi da abokan aikinsa suka ga ya kamata a auna gonar talaka kanta kafin a yanke mata hukunci. Suka zaɓi ƙauyuka uku a ƙasar Zazzau: Hanwa a bakin birni, Doka a kan hanyar Kano, da Ɗan Mahawayi wanda ke nesa da babbar hanya. An yi wannan zaɓi ne don a ga ko kusanci da kasuwa yana sāke halin noma. A 1966 da 1967 aka zaunar da malamai masu tambaya a ƙauyukan, suna zuwa wa gidaje 124 sau biyu kowane mako har shekara ta zagayo. Wa ya je gona jiya, wace gona, gandu ko gayauna, awa nawa ya yi, ɗan gida ne ko ɗan ƙwadago, dami nawa aka ɗaure. Aka auna gonakin ɗaya ɗaya. Daga baya aka yi irin wannan a ƙasar Sakkwato da ta Bauci.

Da aka haɗa lissafi sai ga abin da ya fito. Fiye da kashi uku cikin huɗu na gonakin tudu shuka ce ta gauraye. Gaskiya ne kowane iri shi kaɗai ya kan ragu in an haɗa shi da wani, amma in aka tara kuɗin dukan abin da eka guda ta bayar, gonar gauraye ta fi ta zalla. Sa'an nan aka gane cewa abin da ya fi ƙaranci ga manomin wancan lokaci hannu ne, ba fili ba. Cikin watannin Yuni da Yuli, lokacin noman firi da maimai, aiki ya kan taru ya yi wa gida yawa, ciyawa kuwa ba ta jiran kowa. Wanda ya haɗa shuka, fartanya ɗaya ta nome wa iri uku a tafiya guda, don haka ladan kowace awa ta wannan matsatsin lokaci ya fi yawa. Ga kuma tsaro: gero ya kan nuna da wuri ya fid da gida daga yunwar damina, in ruwa ya ɗauke wa dawa wake ya yi, da wuya duka su faɗi tare. Norman ya buga wannan bayani a 1974, ya kuwa yaɗu ƙwarai, har ya zama ɗaya daga cikin tushen wata hanyar bincike da a ke fara duban gidan manomi dukansa kafin a ba shi shawara.

Ashe manomi lissafi ya ke yi, bai dai rubuta ba ne.

Labarin auduga ya ƙara fito da abin fili. Shawarar Samaru ita ce a shuka ta tsakiyar Yuni, a yi mata feshi sau da yawa. A filin gwaji wannan ya ba da amfani mai yawa, babu shakka. Amma tsakiyar Yuni shi ne daidai lokacin da magidanci ke fama da gonar abinci, kuma ba mai hankalin da zai bar hatsin iyalinsa a ciyawa ya tafi wajen auduga. Shi ya sa manoma su ke barin ta sai Yuli. Feshin kuma na wancan zamani yana shan ruwa mai yawa, wanda sai an ɗebo a ka daga rafi ko rijiya zuwa gona. Da bincike ya nuna haka cikin shekarun 1970, masana suka juya ga neman shawarar da ta dace da audugar Yuli, da kuma ƙaramin injin feshi mai batir wanda ba ya bukatar dakon ruwa.

Yadda fannoni uku suka sarƙe

A nan za a ga dalilin da ya sa binciken manyan ɗalibai ba ya tsayawa a fanni guda. Mai ƙera inji ko mai zaɓen iri ya san abin da zai yiwu. Mai lissafin tattalin arziki shi ke faɗin ko gidan talaka zai iya ɗauka, da wane kuɗi, a wane wata. Mai nazarin koyarwa kuma shi ke duban yadda sanin zai kai ga mutumin da bai iya karatun boko ba, ta bakin malamin gona ko ta rediyo ko ta takardar ajami. Ko wanne aka bari a baya, aikin sauran ya tashi a banza.

Al'amarin mata ya nuna wannan sarƙa sosai. A farkon shekarun 1970 Emmy Simmons ta bi abincin da a ke ci a waɗancan ƙauyuka na Zazzau, ta tarar yawancin matan aure, har da na kulle, suna da sana'ar da ke kawo musu kuɗin kansu: fura, ƙosai, man gyaɗa da ƙuliƙuli, kaɗi, da sauransu. Kayan kuwa yara ke fita da su talla. Daga 1976, shekarar da Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, wata masaniya, Enid Schildkrout, ta yi nazari a birnin Kano a kan aikin yara, ta nuna cewa yarinya mai talla ita ce ƙafar uwarta a kasuwa, daga ribar kuma a ke tara kayan ɗakinta. To, wanda ya zo ƙirga kujerun da ba kowa a ajin 'yan mata, in bai san wannan ba, zai rubuta cewa iyaye ba su son ilmi, alhali maganar jari ce da kayan aure. Maganin da za a ba kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai biyu dabam ne.

Haka kuma bincike ya rushe zaton cewa talakawan ƙauye duk ɗaya su ke. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta nuna akwai magidantan da talauci ya hana su noma gonarsu, domin rumbu ya ƙare tun bazara, tilas su tafi ƙwadago a gonar wani daidai lokacin da tasu ke bukatar hannu. Peter Matlon, ɗalibin digirin dakta daga Jami'ar Cornell, ya bi yadda samu ya rarrabu tsakanin gidaje a yankin Rogo a 1974 da 1975. Duk mai rabon taki ko bashin noma ya kamata ya san wannan, don shawarar da ta dace da mai shanun huɗa ba ta dace da mai fartanya ɗaya ba.

Inda hakimi ya shigo

Dukan abin da aka zana a sama ya tsaya ne a kan abu guda, watau manomi ya faɗi gaskiyar damin da ya ɗaure. Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Shekaru da yawa duk wanda ya zo ƙauye da alƙalami yana ƙirga kawuna ko shanu, haraji ko jangali ke biye da shi. Ko da ya ke an soke haraji a Jihohin Kano da Kaduna a 1979, tsoron bai fita daga zukata ba. A zamanin yanzu kuma wata matsala ta ƙaru ta ɗaya gefen: mutane su kan zaci baƙon rubuta sunayen masu samun tallafi ya ke yi, sai kowa ya rage abin da ya samu, ya ƙara yawan iyali. Ko ta wace hanya aka karkace, lissafin ya ɓaci, kuma ɓataccen lissafi ya kan shiga kundi, daga kundi ya shiga ofis, a gina shiri a kansa.

Maganar hakimi ce ke iya gyara wannan. Bayan ya ga takardar jami'a ya tabbata ta gaske ce, ya kamata ya sanar da dagatai da masu unguwa a fili cewa baƙon ɗalibi ne, ba ya karɓa, ba ya kuma rabawa. Amma fa taimakon yana da iyaka, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya su kan yi kuskure. In ɗalibi ya ce zai zaɓi gidaje ta hanyar ƙuri'a, a bar shi. Dagacin da ya kai shi wurin manyan manoma kaɗai, don kada garinsa ya ji kunya, ya ɓoye ainihin mutanen da a ke nema a gani. Kada kuma dogari ko ɗan sarki ya zauna a wurin tambaya, domin ba mai faɗin bashin da ke kansa a gaban fada. Wanda ya ce ba ya so a tambaye shi, haƙƙinsa ne, ƙa'idar jami'o'i ma ta hana a tilasta masa, ta kuma hana a bayyana sunan wanda ya amsa. In binciken ya shafi cikin gida, sai a nemi mace ta yi tambayar, da yardar maigida.

Malamin hakimi yana da nasa rabo wanda ba a cika lura da shi ba. Rahotannin kimanta haraji da littattafan gundumomi na zamanin En'e, waɗanda ke ajiye a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da takardun da ke Gidan Arewa, wanda aka kafa a 1970, su ne ɗalibai ke buɗewa yau don su san yawan mutanen gari da abin da a ke nomawa shekaru tamanin ko ɗari da suka wuce. Malaman da suka rubuta su ba su san za a yi haka ba. Littafin da aka rubuta ranar saukar ruwan shuka a ciki, da kuɗin tiyar gero a kasuwa wata wata, da shekarar da fari ko ambaliya ta auku, yana da daraja ƙwarai, in dai an sa kwanan wata daidai, an kuma faɗi da wane mudu aka auna, gama tiyar wannan kasuwa ba lalle ta zama ta waccan ba.

Akwai wani ƙorafi da hakimai ke yi wanda ya ke da gaskiya: masu bincike su kan kwashi amsa su tafi, ba a sāke jin ɗuriyarsu. Kundin ya kan ƙare a kan kanta a laburaren jami'a, da Turanci, mutanen da suka ba da lokacinsu ba su taɓa jin abin da aka samu ba. Daidai ne hakimi ya shar'anta tun ranar farko cewa in aiki ya ƙare ɗalibin zai komo ya yi bayani da Hausa a gaban dagatai da waɗanda aka tambaya, ya kuma bar taƙaitaccen rahoto na shafi biyu ko uku a ofishin gunduma. Malami ya rubuta sunan ɗalibin da na jami'arsa da na babban malamin da ke duba shi a littafin baƙi, don in shekara ta wuce ba a ji kome ba, a san inda za a aika da takardar tuni.